Ƙarfe ko Katako: Wa Za a Bar wa Gaban Tirela Idan Ƙafarta Ta Karye?

A gundumar Elkhart da kewayenta, cikin jihar Indiana ta Amurka, ake ƙera mafi yawan tirelolin nan na tafi-da-gidanka da Amurkawa ke ja da mota idan za su hutu. Manyan kamfanonin sana'ar, irin su Thor Industries da Forest River, a nan suke, haka ma Lippert da ke yi wa da yawa daga cikinsu shasi da ƙafafu. A shekarar 2021 kaɗai masana'antun Amurka baki ɗaya sun fitar da irin waɗannan motoci da tireloli sama da 600,000. Daga cikin tirelolin akwai wata babba wadda gabanta ya yi tozo, yana hawa kan bayan a-kori-kura. Ƙarƙashin tozon akwai turken ƙarfe mai kaurin inci 2, shi ke shiga wani faranti mai muƙamuƙi da aka ɗaure a bodin motar. Wanda ya taɓa tsayawa a Mararrabar Jos ko Potiskum ya ga kan tirela na ja da baya yana shiga ƙarƙashin bodi, to ya riga ya san tsarin. Girman kaya ne kawai ya bambanta.

Da zarar an cire motar, gaban tirelar ba shi da abin dogaro sai ƙafafu biyu na ƙarfe da ke sauka daga shasi. A mafi yawansu ƙaramin inji mai aiki da batir na bolt 12 ne ke juya giya, giyar ta juya wani dogon zaren ƙarfe a cikin ƙafa ɗaya, sannan wata sanda da ta ratsa ƙarƙashin ɗakin kaya ta kai juyin ga ɗaya ƙafar. Masu tsada kuma mai ne ke tura ƙafafunsu. Ko wanne iri ne, yana da ranar da zai ba da kunya. Haƙoran giya kan cinye, ƙusar da ta riƙe sandar tsakiya kan tsinke sai ƙafa ɗaya ta riƙa sauka ɗaya na tsaye, tiyon mai kan fashe. Mafi muni shi ne direba ya ja mota muƙamuƙin bai kama turken da kyau ba, tirelar ta zame ta faɗo, ƙafa ta lanƙwashe ko waldarta ta ɓalle daga shasi.

Kafin a yi maganar abin da za a sa a ƙarƙashi, sai an san nauyin da ake magana a kansa. Irin wannan tirela takan ɗora wa turkenta kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta. A ce tana da kilo 6,000, turken na ɗauke da 1,200. Mutane da yawa a nan suke tsayar da lissafi, alhali ƙafafun ba a wurin turken suke ba, sun fi shi kusa da tayoyi, saboda haka abin da ke kansu ya fi haka. In turken na nesa da tsakiyar tayoyi da mita 7, ƙafafu kuma mita 5.5, nauyin da ke kan ƙafafu ya haura kilo 1,500. Kuma idan ɗaya ta karye, kada a raba biyu a ce kowane gefe 750 ne. Lokacin da jak ya fara ɗaga kusurwa ɗaya, kusan duka nauyin na iya tattaruwa a wannan kusurwar.

Babu wata gardama game da jak ɗin kansa. Jak na mai, mai siffar kwalba, ɗagawa yake yi, ba riƙewa ba. Abin da ke hana kilo 1,500 saukowa zoben roba ne da ɗan ƙwallon ƙarfe da ya toshe hanyar mai. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana ƙwallon zama daidai, jak ya fara sauka a hankali ba wanda ya lura. Kansa kuma ɗan ƙarami ne, bai fi bakin kofin shayi ba, ga shi gaban tirela ba a miƙe yake tashi ba. Tayoyi ne madogararsa, don haka yana tashi yana zagaye, shasin na karkata a kan jak sannu a hankali. Dokar hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta ce da zarar an ɗaga kaya da jak, nan take a tokare shi da wani abu daban, kuma in ƙasa ba ta da ƙarfi a yi wa gindin jak shimfiɗa. Gardamar tana kan wannan wani abu daban ɗin. Mutane sun rabu biyu: masu madogarin ƙarfe na kanti, da masu jera katako gicciye.

Madogarin ƙarfe shi ne abin da ido ya fi yarda da shi. Gindinsa kamar dala yake, mai ƙafa uku ko huɗu, da sanda a tsakiya da ake ja sama har ta taɓa shasi. An ƙera shi don wannan aiki, an rubuta nauyin da zai ɗauka a jikinsa, ana ɗaukarsa da hannu ɗaya, ba ya cin wuri a ɗakin kaya. Yana da wata fa'ida da masu son katako ba su cika ambata ba: sau ɗaya ake tura shi. Ka ɗaga da jak, ka zura shi, ka ja sanda, ka janye hannunka. Lokacin da hannun mutum ke yi a ƙarƙashin kayan da jak kaɗai ke riƙe da shi, shi ne lokacin da ake jin ciwo, madogarin ƙarfe kuwa yana gajarta shi ƙwarai. Ba ya kuma bukatar gwaninta sosai. Wanda bai taɓa riƙe sifana ba zai iya sa shi daidai in an nuna masa sau ɗaya.

Sai dai lambar da ke jikinsa tana bukatar a karanta ta da hankali. Galibin waɗanda ake sayarwa a Amurka, nauyin da aka rubuta na biyun ne a haɗe. Wanda aka ce tan 6, kowane ɗaya tan 3 ne, kuma tan ɗin Amurka kilo 907 ne, ba 1,000 ba. Duk da haka ya ishi misalinmu, har da rara. Wanda aka rubuta wa tan 2 ko 3, irin na ƙananan motoci, shi ne bai kamata ya kusanci wannan aiki ba, ba don nauyi kaɗai ba, har da tsayi. Shasin irin wannan tirela a wajen ƙafafu ya wuce gwiwar mutum. Madogari mai tan 6 iyakarsa wajen santimita 60, wato ko dai ya gaza, ko ya kai da ƙyar bayan an zare sandarsa har ƙarshe. Sanda a zare kuwa, gindi ɗan ƙarami, shi ne yanayin da ya fi saurin kifewa in an tura kaya ta gefe. Tirelar kwana ba ta rasa mai tura ta ta gefe. Faɗin jikinta bango ne guda da iska ke bugu, mutum in ya taka matakalar shiga sai duk ta girgiza, bakanike mai fama da notin da ya yi tsatsa kuwa da dukan ƙarfinsa yake ja.

Akwai kuma zancen amana. A 2020 kamfanin Harbor Freight ya janye madogaran ƙarfe kusan miliyan 1.7 masu tan 3 da tan 6 daga hannun jama'a, ta hannun hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA. Dalili shi ne harshen ƙarfen da ke kama haƙoran sanda ba ya shiga sosai a wasunsu, in kaya ya ɗan motsa sai ya kuɓuce sanda ta faɗa. Bayan 'yan watanni kuma aka janye wasu daga cikin waɗanda aka bayar a madadinsu, wannan karon saboda walda. Ba ina cewa kowane madogari haka yake ba, kuma janyewar kanta alama ce ta tsarin da ke sa ido. Abin da labarin ke nunawa shi ne yadda ƙarfe ke gazawa. Mai shi ba zai iya ganin zurfin walda da ido ba, kuma ranar da zai saki, ba ya sallama. Shi ya sa in har ƙarfe za a saya, gara wanda ake zura masa ƙatuwar ƙusa ta ratsa sanda gaba ɗaya, ko mai harshe da ƙusa duka biyu.

Jeren katako kuwa ba a kanti ake sayensa ba, ginawa ake yi. A shimfiɗa guntaye biyu a ƙasa suna kallon gabas, a ɗora biyu a kansu suna kallon arewa, a sake biyu gabas, haka har a kai shasi. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne waɗanda suka fi dogara da wannan tsohuwar dabara su ne 'yan kwana-kwana da masu ceton mutane daga ginin da ya rushe, mutanen da ke da kuɗin sayen kowane irin ƙarfe. Littafin aikin da rundunonin ceto na hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ke bi, wanda injiniyoyin sojan Amurka suka tsara, ya ƙiyasta cewa in katakon mai inci 4 da 4 ne na itacen fir ko fayin mai kyau, kowane wurin da biyu suka gicciya zai ɗauki kusan kilo 2,700. Jere mai bibbiyu yana da irin wannan mahaɗa huɗu a kowane hawa, wato kusan tan 11 in nauyin ya sauka daidai a kan huɗun. Mai uku-uku yana da mahaɗa tara, ya ninka haka fiye da sau biyu. Gaban tirelarmu mai kilo 1,500 ko kusa da iyakar bai zo ba.

Amma ba yawan tan ne ya sa na fi karkata ga katako ba, don ƙarfen ma ya isa ta wannan fuska. Ƙasa ce. Ƙafar tirela ba ta zaɓar wurin da za ta lalace, kuma wuraren da ake kai tirelar kwana ba garejin siminti ba ne. Filin ciyawa ne a bakin tafki, ko tsakuwa a sansanin daji, ko hamadar Quartzsite ta jihar Arizona inda dubban masu irin waɗannan gidaje ke taruwa kowane Janairu. Madogarin ƙarfe a kan gefen ƙafafunsa yake tsaye, wasu ma bakin ƙarfen ne tsirara ba takalmi. A kan kankare ba laifi. A kan ciyawa, ko ƙasar da ta sha ruwa, ko kwaltar da rana ta narkar, ƙafa ɗaya za ta riga sauran nutsewa, madogarin ya karkata, nauyi ya koma gefen da ya nutse, ya ƙara nutsewa. Katako kuwa in an cika hawan farko ba rata, guntaye masu tsawon santimita 60 a jere kusa da kusa, an sami shimfiɗa mai faɗin santimita murabba'i 3,600. In an tokare gefe biyu, kilo 750 na kowane gefe a kan wannan faɗi kusan daidai yake da abin da mutum ke ɗora wa ƙasa yana tsaye da ƙafafunsa. Inda mutum zai tsaya bai nutse ba, jeren ma zai tsaya.

Sai yadda katako ke riƙe shasi. Ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, balle in akwai fenti ko giris. Itace mai ɗan taushi kuwa shasin na lumewa a cikinsa kaɗan, ya yi wa kansa gurbi, hawa-hawan ma su ciji juna. Shasin waɗannan tireloli ba shi da kaurin na motar dakon kaya, an rage masa nauyi ne da gangan don a-kori-kura ta iya ja. Ɗan ƙaramin kan madogari na iya lanƙwasa leɓensa na ƙasa, katako kuwa yana baza nauyin a tsawonsa.

Babban abin kuma shi ne katako yana magana. In nauyi ya yi masa yawa yakan yi ƙara, ya fara matsewa a mahaɗa, bakin guntayen ya fara tsagewa, duk ana gani ana ji, tun kafin ya gaza. Wannan ne dalilin da masu ceto ke fifita itace mai taushi a kan mai tauri, kuma shi ne dalilin da ake barin kowane guntu ya zarce mahaɗa da aƙalla santimita 10, don in baki ya tsage kada tsagar ta kai inda nauyi yake. Mutumin da ke durƙushe kusa da ƙafar tirela yana kwance noti, daƙiƙa biyu na gargaɗi sun ishe shi ya ja da baya.

To, in haka ne me ya sa kowa bai koma katako ba? Saboda nauyi ne da wahala, kuma saboda ingancinsa na hannun mai gina shi. Katakon da Amurkawa ke kira 4 da 4, kaurinsa na gaskiya inci 3.5 ne, kusan santimita 9. Don a kai tsayin santimita 70 sai an yi hawa takwas, guntu 16 ke nan a gefe ɗaya, ban da na cike hawan ƙasa. Gefe biyu da shimfiɗar jak, an doshi kilo 100 na itace. Ba kowa ne zai yarda ya riƙa yawo da wannan a ɗakin kayan da matarsa ke son sa kujerun zama a waje ba. In kuwa ba a tafi da shi ba, ranar da ƙafa ta karye sai an nemi inda ake sayar da katako da mai zarto, ga shi ba a fafe gora ranar tafiya. Madogari biyu kuwa suna nan a kusurwa, ba su dami kowa ba.

Ginin ma yana da ƙa'idojin da in an saɓa ɗaya, tan 11 ɗin nan ya zama labari. Dole mahaɗa ta kowane hawa ta faɗa daidai kan ta ƙasa da ita, don nauyi ya bi itace zalla har ƙasa. In shasi ya sauka a tsakiyar guntu, inda ba komai ƙarƙashinsa sai iska, guntun ya zama gada, kuma zai iya karyewa da ɗan abin da bai kai rabin lissafin ba. Maganinsa a cike hawan sama, ko a yi jere mai uku-uku don a sami ginshiƙi a tsakiya. Tsayi kada ya wuce faɗi sau uku ko ta halin ƙaƙa, gara ma a tsaya a sau biyu, kuma faɗin daga mahaɗa zuwa mahaɗa ake auna shi, ba tsawon guntu ba. Itacen da ya ruɓe, ko gara ta shiga, ko mai babban ƙulli, ko wanda ya sha fenti da baƙin mai, ba ya shiga jere. Ba a kuma tsayar da guntu a tsaye, don ta haka yake tsagewa kamar an sa masa gatari. Kowane hawa kuwa hannu ne ke sa shi. Masu ceto suna da ƙa'idar cewa in an ɗaga inci ɗaya a cike inci ɗaya, kuma suna riƙe guntu ta gefensa ko su tura shi da wani guntun, ba sa taɓa ɗora yatsu a samansa. Wanda bai san wannan ba, madogarin ƙarfe ya fi masa aminci a kan jeren da zai gina a karkace. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu ƙarfe ke da ita, kuma ban ga yadda za a ture ta ba.

Akwai ɗan abu guda: katako na tafiya ne santimita tara-tara, ba safai hawan ƙarshe ke taɓa shasi daidai ba. Ana cike ratar da falanki mai ƙarancin kauri ko waigi biyu masu fuskantar juna. In tirelar za ta kwana biyu a haka ana jiran sabuwar ƙafa, itacen zai ɗan zauna, sai a riƙa dubawa ana ƙara buga waigin.

Duk wannan muhawara ta biyo bayan tambayar da ya kamata a fara yi: shin motar za ta iya shiga ƙarƙashin turken? In za ta iya, ita ce madogarin da ya fi duka, don an ƙera farantinta ne musamman saboda wannan nauyin, a kan hanya ma balle a tsaye. A haɗa, a tabbatar muƙamuƙi ya kulle, a ja burkin hannu, a yi aikin ƙafa a haka. Jak da katako suna shigowa ne idan gaban ya faɗi ƙasa da tsayin faranti, kuma a lokacin ma abin da ake nema shi ne a ɗaga daidai gwargwadon da mota za ta shiga, ba fiye ba. In ƙafa ɗaya ce ta lalace, ɗayar na da lafiya, yawancin masu inji suna da wurin sa hannun juyawa, sai a riƙa ɗaga gefen lafiya da shi, gefen da ya karye da jak, kaɗan-kaɗan bi da bi. Ɗaga kusurwa ɗaya da nisa yana murɗe shasi, bangon tirela da ƙofofinta su ne za su biya.

Kuma ko ƙarfe aka zaɓa ko katako, babu wanda zai yi amfani in tayoyi na iya gangarawa. A nan ne direban babbar tirela zai iya ruɗuwa. Tasa, in an cire tiyon iska, a mafi yawan na zamani sifirin ne ke danne burki da kansa. Tirelar kwana ta Amurka burkinta na lantarki ne, in an cire ta daga mota ba ta da burki ko kaɗan. Akwai wata 'yar igiyar gaggawa da in an fizge ta burki zai kama, amma batir yake sha, yana ƙarewa burki ya saki, wayoyin ma na iya ƙonewa kafin nan. Saboda haka sa wa tayoyi waigi ne farkon komai, gefe biyu, gaba da baya. Bayan shi a ɗage ƙananan ƙafafun baya da ke hana girgiza, domin gaba na tashi baya na sauka, in suna ƙasa za su lanƙwashe ko su ɗauki nauyin da ba nasu ba. A fitar da kowa daga ciki. A rufe tukwanen gas, waɗanda galibi suna nan gaba dab da ƙafafun, tare da batir. In tankunan ruwa na gaban tayoyi a zubar, kowace lita kilo ɗaya ce. Jak kuma a ƙarƙashin babban ƙarfen shasi ake sa shi, da guntun katako tsakaninsu, ba ƙarƙashin ɗakin kaya ko tozon gaba ba. Cikin yawancin tirelolin nan a rufe yake da faifan roba, bayansa akwai bututun gas da wayoyi, sai an lalubo ƙarfen an tabbatar.

Wani abu mai ƙafa uku da ake sayarwa don a sa ƙarƙashin turken, na rage girgiza ne in ƙafafu na da lafiya. Kada tsayinsa ya ja hankali a ba shi aikin ƙafar da ta karye.

Abin da bai cancanci a sa shi cikin kwatancen ba ma shi ne bulo. Ina ambatarsa ne don shi ne ya fi kusa da hannu, a Amurka da nan gida duka, kuma a bakin manyan hanyoyinmu ba abin mamaki ba ne ka ga bodin tirela a kan bulo, ko duwatsu, ko rim biyu da aka ɗora wa juna. Bulo mai rami an yi shi ne ya ɗauki nauyin da aka baza a kansa cikin bango. Leɓen ƙarfe in ya danne shi a wuri ɗaya, fashewa yake yi gaba ɗaya, lokaci ɗaya. Yana da rashin gargaɗin ƙarfe, ba shi da ƙarfinsa. Bodin da ke ɗauke da tan 30 na siminti ko hatsi kuwa wani aji ne daban, guntayen inci 4 ba nasa ba ne, sai katako mai kaurin wanda ake shimfiɗa wa layin dogo, kuma gara a sauke kayan tukuna.

Hukuncina ke nan. A gareji mai daɓen kankare, ga madogari dogo mai ƙusa da faɗin gindi, ga aikin da ba zai wuce yini ba, ƙarfe ya ishe ni, ya kuma fi sauri. A ko'ina ban da nan, wato a mafi yawan wuraren da abin ke faruwa, katako. Wasu na haɗa su, su yi shimfiɗar katako hawa biyu ko uku a cike, su ɗora madogari a kai ba tare da an zare sandarsa da nisa ba. Wannan yana maganin nutsewa da gazawar tsayi, yana kuma rage itacen da za a ɗauka, muddin hawan sama ya fi gindin madogarin faɗi ta kowane gefe. Amma in mutum zai sa kansa da kafaɗunsa a ƙarƙashi, ko yara na wasa a sansanin, ko ana sa ran iska cikin dare, na fi son in ga itace tun daga ƙasa har shasi, jak kuma na nan a gefe yana taɓawa kawai ba ya ɗauke da komai.

Saukewa ma aiki ne, kuma a nan gajiya ke sa mutane gaggawa. Bayan an ɗaura sabuwar ƙafa, ba a rushe jeren a ga ko za ta riƙe. Ana sauke ƙafafun ne har su ɗage shasin daga kan katako da kaurin yatsa ɗaya, a bar su haka na ɗan lokaci ana duba walda da notuna da ƙusar da ke riƙe ƙaramar ƙafar da ke zarowa daga cikin babbar. In wani abu ya saki, faɗuwar kaurin yatsa ce. In sun riƙe, a cire hawa ɗaya, a sauke kaɗan, a sake ɗagawa, a saurari giya. Idan ƙafar ta karye ne sakamakon faɗuwa, a duba 'yar'uwarta da sandar tsakiya da ƙarfen da ke riƙe turken, domin duk tare suka sha dukan. Waigin tayoyi kuwa yana nan inda yake har sai mota ta shiga, muƙamuƙi ya kulle, an ɗage ƙafafu inci ɗaya kacal daga ƙasa, direba ya kama burkin tirela da hannu ya ɗan ja gaba ya ji ta riƙe shi.